Karatun digiri na biyu da na uku a fannin nazarin abinci da cututtuka: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan amsoshi na wanda ya gama digirin farko ne a Najeriya ko Nijar ko Gana, yana neman wucewa gaba a wannan fanni, a gida ko a waje. Sharuɗɗan jami'o'i kan sauya kusan kowace shekara, don haka duk ranar rufewa ko ƙa'idar da ka gani a nan, ka tabbatar da ita daga jami'ar kanta kafin ka kashe ko sisi.

Wai me ake karantawa a wannan fanni?

Ana bin diddigin abin da jama'a ke ci ne, da yawansa, a gano wace cima ke jawo cuta, wacce ke kare mutum daga gare ta. Ba majinyaci ɗaya ake dubawa ba, dubban mutane ake bi, wani lokaci shekara da shekaru. A jami'o'i ana kiransa efidemiyolojin abinci, kuma yakan zauna ko a sashen ilimin abinci ko a makarantar lafiyar al'umma.

Tushensa ya daɗe. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya raba matuƙan jirgi 12 masu ciwon da ke sa dasashi zubar da jini gida shida, ya ba kowane gida magani daban. Waɗanda suka sha lemun zaƙi da lemun tsami su ne suka miƙe. Na kusa da mu kuwa shi ne aikin Alfred Sommer a Indonesiya a shekarun 1980. Ya lura cewa yara masu dundumi sun fi sauran mutuwa, sai ya gwada ba su bitamin A, mutuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ɗigon bitamin A da ake ba yara a asibitocinmu daga irin wannan bincike ya fito.

Yanzu nauyin fannin ya karkata ga hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya da kansa. Binciken ma'aikatan jinya na Amurka ya fara a 1976 da mata sama da 120,000, aka soma tambayarsu abin da suke ci a 1980. Na Turai mai suna EPIC ya ɗauki mutum sama da rabin miliyan a ƙasashe 10.

Ba shi ne aikin masu tsara wa marasa lafiya abinci a asibiti ba?

A'a. Wancan sana'a ce ta daban mai horonta da rajistarta, kuma wannan digiri ba zai ba ka izinin yin ta ba. Idan burinka ka zauna da mai ciwon suga ka tsara masa abin da zai ci safe da rana da dare, ba nan za ka nufa ba. A nan yawancin yininka a gaban kwamfuta zai ƙare, da jadawalin alƙaluma.

Wane digirin farko ake so?

Ƙofar tana da faɗi. Ana ɗaukar waɗanda suka karanta ilimin abinci, likitanci, aikin jinya, haɗa magunguna, bayokemistiri, lafiyar al'umma, kimiyyar sarrafa abinci, har da ƙididdiga da lissafi. Abin da masu tantancewa ke nema a takardar sakamakonka abu biyu ne: ka san yadda jikin mutum ke aiki, kuma ka taɓa zama da alƙaluma ba ka gudu ba. Wanda ya zo daga ƙididdiga za a sa shi ya cike gurbin ilimin abinci. Wanda ya zo daga ilimin abinci za a sa shi ya cike na ƙididdiga, kuma a ganina nasa aikin ya fi nauyi.

Ina tsoron lissafi. Zan iya?

Za ka iya in ka yarda ka koya, amma kada wani ya ruɗe ka cewa lissafin kaɗan ne. Shi ne ƙashin bayan karatun. Za ka yi darussan ƙididdigar lafiya, da hanyoyin tsara bincike, da lissafin rigireshan iri-iri, wato na gano alaƙar da ke tsakanin abubuwa, kuma dole ka iya aiki da ɗaya daga cikin manhajojin R ko Stata ko SAS. R kyauta ce, ana saukar da ita a intanet, babu hujjar jira sai an ba ka gurbi.

Ga dalilin da ya sa ake matsa wa ɗalibai haka. A shekarun 1980 bincike da yawa sun nuna cewa masu yawan cin karas da ganyaye ba su cika kamuwa da kansar huhu ba. Aka ɗora abin a kan sinadarin betakarotin da ke cikinsu. Sai aka yi gwaji na gaskiya a Finland, aka raba maza masu shan taba kusan 29,000 ta hanyar ƙuri'a, wasu suna shan ƙwayar betakarotin, wasu ba sa sha. Da sakamako ya fito a 1994, masu shan ƙwayar ne suka fi kamuwa da kansar, da kusan kashi 18 cikin 100. Wani gwajin makamancinsa a Amurka dole aka tsayar da shi a 1996 kafin lokacinsa, saboda shi ma abin da ya nuna ke nan.

Ina aka kuskure? Mai yawan cin ganye da kayan marmari sau da yawa ba ya shan taba sosai, yana da ɗan abin hannu, yana zuwa asibiti a kan kari. Wanne daga cikin waɗannan ne ya kare shi? Rabe su shi ne aikin, kuma da lissafi ake yin sa. Har yau akwai manyan masana, irin su John Ioannidis na jami'ar Stanford, da ke sukar fannin cewa yana saurin yanke hukunci a kan hujja mai rauni. Ɗalibin da ya karanta wannan suka, ya iya faɗin inda ya yarda da ita da inda bai yarda ba, ya fi burge masu tantancewa a kan wanda ya zo yana yabon fannin kawai.

Auna abin da mutum ya ci kuma wani abin wahala ne?

Shi ne mafi wahala a fannin gaba ɗaya, kuma a nan ne ɗan ƙasar Hausa yake da abin da ba kowa ke da shi ba.

Hanyoyin sanannu ne. Ko a tambayi mutum duk abin da ya ci jiya daga safe zuwa dare, ko a ba shi jerin abinci ya faɗi sau nawa yake cin kowanne a mako ko a wata, ko a zauna a gidansa da sikeli a auna kafin ci da bayan ci. Akwai kuma awon jiki, kamar tara fitsarin awa 24 don a gano gishirin da mutum ya ci. Kowace hanya da aibinta: mutane na mantawa, suna rage abin da suke jin kunyarsa, suna ƙara abin da suke ganin zai burge mai tambaya.

To ɗauki takardar tambayoyin da aka tsara a Boston, inda kowa ke da farantinsa, ka shiga da ita wani gida a ƙauyen Katsina ko Maraɗi da magariba. An kwashe tuwon dawa, yara biyar sun kewaye kwano ɗaya, babban yana yanko loma biyu kafin ƙaramin ya haɗiye ɗaya. Ka tambayi uwar nawa ɗanta mai shekara uku ya ci, ta ce ya ci ya ƙoshi. Malmalar gidan nan ba girmanta ɗaya da ta maƙwabta ba. Miyar kukar wannan gida da nama da man shanu, ta wancan daddawa ce da gishiri da dunƙule kawai, amma duka sunansu miyar kuka. Furar da maigida ya sha a kasuwa, nono nawa, ruwa nawa, suga nawa? Sannan abin da gidan ke ci da kaka, rumbu cike, ba shi yake ci a tsakiyar damina ba lokacin da hatsi ya ƙare, kuma in ka yi tambayarka da azumi, wani labarin daban za ka samu.

Ko ka samu adadin, sai ka juya shi zuwa sinadarai da jadawalin abubuwan da ke cikin abinci. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da na Afirka ta Yamma a 2012, ta faɗaɗa shi a 2019, amma girke-girken gida da yawa sai kai ka zauna ka auna kayan haɗinsu. Wanda ya san waɗannan matsaloli daga ciki, ya kuma iya lissafi, shi ake nema. Da ɗan gari akan ci gari.

A ina ake karanta shi?

A Amurka akwai makarantar lafiyar al'umma ta Harvard, inda Walter Willett ya jagoranci sashen abinci har zuwa 2017, da makarantar Friedman ta jami'ar Tufts, da jami'ar North Carolina a Chapel Hill, da Johns Hopkins, da Cornell, da Emory. A Ingila akwai makarantar tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, wato LSHTM, da jami'ar Leeds mai rukunin bincike na musamman a kan fannin, da Cambridge. A Holan akwai Wageningen, inda digiri na biyu ke ɗaukar shekara biyu, saɓanin Ingila da yawanci shekara ɗaya ne. Mai jin Faransanci ya duba ISPED a Bordeaux da rukunin da ke gudanar da binciken NutriNet-Santé a Paris.

A Afirka da wuya ka ga digiri mai ɗauke da wannan suna sak. Abin da ake yi shi ne a shiga ta ilimin abinci na lafiyar al'umma ko ta efidemiyoloji, sannan a karkata aikin bincike zuwa abinci. Jami'ar Ibadan tana da sassan biyu. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai cibiyar ACEPHAP mai digiri na biyu a ilimin abinci na lafiyar al'umma. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ibadan su ne suka riƙe shirin horar da masu bin diddigin cututtuka da aka fara a Najeriya a 2008. Akwai makarantar lafiyar al'umma ta Jami'ar Gana a Legon, da cibiyar lafiyar al'umma ta IRSP a Ouidah ta ƙasar Benin.

Gara in yi a gida ko in nemi waje?

Ra'ayina: digiri na biyu a gida ba ya rage ka da komai, muddin ka fito da ƙididdiga mai ƙarfi da aikin bincike na gaske. Sayar da gona ko fili don a biya kuɗin shekara ɗaya a Ingila ba dabara ba ce. A digiri na uku ne fita ko haɗin gwiwa da waje ke da amfani, saboda manyan bayanai da ɗakunan gwaji da kuɗin bincike. Akwai tsaka-tsaki ma: shirin CARTA, wanda cibiyar APHRC ta Nairobi da jami'ar Witwatersrand ke jagoranta, yana tallafa wa malaman jami'o'in da ke cikinsa, irin su Ibadan da Ife, su yi digiri na uku suna gida. Cibiyar binciken MRC ta Gambiya, wadda ta koma ƙarƙashin LSHTM a 2018, ita ma tana horar da 'yan Afirka ta Yamma, kuma tasharta ta Keneba ta shahara a binciken abinci.

MPH zan yi ko MSc? Ana iya tsallakewa zuwa digiri na uku?

MPH, wato digiri na biyu a lafiyar al'umma, na mai son gudanar da shirye-shirye ne a ma'aikata ko ƙungiya. MSc, wato digiri na biyu na kimiyya, ya fi zurfi a hanyoyin bincike, shi ya fi dacewa da mai niyyar digiri na uku. Tsallakewa kuwa wasu jami'o'in Amurka sun yarda da shi a ƙa'ida, amma yawancin waɗanda suke ɗauka sun riga sun yi na biyu.

Waɗanne takardu zan tanada?

Takardar cikakken sakamako daga jami'arka, shaidar digiri, tarihin karatu da aiki, takardar bayanin manufa, da wasiƙun shaida biyu ko uku. Jami'o'in Najeriya suna neman shaidar hidimar ƙasa ko ta yafewa. Makarantun lafiyar al'umma da yawa a Amurka suna karɓar takardu ta dandalin SOPHAS, kuma za a ce hukumar WES ta tantance sakamakonka, wanda sai jami'arka ta aika mata kai tsaye. Wannan mataki shi ya fi cinye lokaci, ya fi jawo wa mutane rasa shekara.

Jarrabawar Ingilishi, IELTS ko TOEFL, wasu jami'o'in suna yafe ta ga wanda ya yi digirinsa da Ingilishi, wasu ba sa yafewa. Kada ka ɗauka, ka tambaya a rubuce. GRE kuma, jarrabawar lissafi da Ingilishi ta masu neman karatun gaba da digiri, tun 2020 makarantu da yawa sun daina nemanta. Inda aka bar ta a zaɓi, mai raunin maki a lissafi zai iya amfani da ita ya nuna ya gyaru.

Sakamakona 2:2 ne, ko kuma HND gare ni. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba, hanyar ce ta ƙara tsawo. Jami'o'in Ingila da masu ba da tallafi galibi 2:1 suke so. A gida ana shiga digiri na biyu da 2:2, mai HND kuma yakan fara da difloma ta gaba da digiri. Sakamako mai kyau a digiri na biyu, da shekarun aiki a cibiyar kula da masu tamowa ko a aikin tattara bayanai, suna rufe raunin na farko.

Me zan rubuta a takardar bayanin manufa?

Kada ka buɗe da cewa tun kana yaro kake son taimakon al'umma. Masu karantawa sun ga wannan har sun gaji. Kada kuma ka cika shafi da alƙaluman da suka fi ka sani. Sun san binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma kuma kashi 57. Abin da ba su sani ba shi ne wace tambaya ce kake son amsawa, da wane irin bayani, kuma me ya sa sai a wurinsu.

Tambaya ƙarama mai kaifi ta fi babba mai faɗi. Gishiri nawa magidanci a Kano ke ci a rana in aka haɗa da dunƙulen miya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a kai giram 5? Harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, ya sauya yadda ake sha? Gubar afalatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya, wadda binciken 2002 a Benin da Togo ya danganta da tsumburewar yara, yaya take a ƙuliƙuli da kunun gyaɗar da ake yaye yara da shi? Duk wanda ya kawo ɗaya daga irin waɗannan, ya faɗi yadda zai auna da inda awon zai iya ba shi kunya, ya wuce rabin abokan takararsa.

Sai na tuntuɓi malami kafin in nema?

A digiri na biyu ba dole ba ne. A na uku ya danganta da ƙasa. A Ingila da yawancin Turai sai ka samu malamin da ya yarda ya duba aikinka. A Holan da ƙasashen Sikandinabiya gurbin digiri na uku aiki ne mai albashi, ana tallarsa kamar kowane aiki. A Amurka kwamiti ne ke ɗauka, amma zai duba ko akwai malamin da sha'awarku ta zo ɗaya.

Wasiƙar ta zama gajera. Ka ambaci wani aikinsa da ka karanta da gaske, ka faɗi abin da ka iya da abin da kake son yi, ka haɗa da tarihin karatunka. Doguwar gaisuwa da kirari, waɗanda a wurinmu ladabi ne, a can sukan sa a rufe wasiƙar kafin a kai ga maganar. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, ka wuce wurin wani.

Ban taɓa wallafa bincike ba.

A digiri na biyu ba a tsammanin haka. A na uku yana taimakawa, amma takarda ɗaya a mujallar kirki ta fi biyar a mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda, waɗanda ma rage maka daraja suke yi. Bayanan binciken lafiya na ƙasa, wato DHS, na Najeriya da Nijar da Gana ana samunsu kyauta bayan rajista, haka na binciken lafiya da abinci na Amurka, NHANES. Ka sauke ɗaya, ka yi nazari da R, ka rubuta shafi biyar masu tsabta. Wannan hujja ce da za ka iya nunawa.

Wa zai biya?

Don Ingila akwai tallafin karatu na Commonwealth da na Chevening. Chevening na neman aikin shekara biyu, wato awa 2,800, da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan gamawa. Jamus na da DAAD, Tarayyar Turai na da Erasmus Mundus, akwai gidauniyar Mastercard a wasu jami'o'i, da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Manyan shirye-shiryen digiri na uku a Amurka sukan yafe kuɗin makaranta su ba da alawus, shi ya sa gurbinsu ke da wuyar samu. Digiri na biyu a can kuwa da wuya a samu cikakken tallafi. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka tallafin karatu, ɗan damfara ne.

Ina da aure da yara. Zan iya tafiya da su? Biza fa?

Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu na aji zuwa da iyali, ta bar wa masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Mai shayarwa ko mai ƙananan yara ta duba karatun nesa, LSHTM na da shi a efidemiyoloji, ana yi daga gida.

Amurka kuma a Yunin 2025 ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Chadi da Sudan, a Disamba ta faɗaɗa jerin ya shafi Nijar da Najeriya, har da bizar ɗalibai. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Irin waɗannan matakai na sauyawa, saboda haka ka binciki halin da ake ciki kafin ka biya kuɗin nema, kuma kada ka zuba duk fatanka a ƙasa ɗaya.

In na gama, wane aiki zan yi?

Koyarwa da bincike a jami'a, sassan abinci na ma'aikatun lafiya, hukumar ƙididdiga, NAFDAC, UNICEF, shirin abinci na duniya, da ƙungiyoyi irin su likitocin MSF, waɗanda reshensu na bincike, Epicentre, ke da cibiya a Maraɗi. Gaskiya kasuwar ƙungiyoyin agaji ta tsuke tun da aka rushe hukumar agajin Amurka, USAID, a 2025. Wanda ya ƙware a nazarin alƙaluma ya fi samun mafita, domin ana buƙatarsa ko a wajen harkar abinci.

Yaushe zan fara shiri?

Shekara guda kafin ranar rufewa. Tun ran gini ran zane. In kana son fara karatu a Satumba, ka nemi takardar sakamako daga jami'arka tun farkon shekarar da ta gabace ta, ka rubuta jarrabawar Ingilishi kafin Agusta, ka sanar da masu rubuta maka wasiƙar shaida wata biyu kafin lokaci, ka ba su tarihin karatunka da bayanin manufarka su san abin da za su faɗa. Chevening na buɗewa a Agusta ta rufe a Oktoba ko farkon Nuwamba. Shirye-shiryen digiri na uku da yawa a Amurka 1 ga Disamba suke rufewa, amsa kuma takan zo tsakanin Fabrairu da Afrilu. Jami'o'in Najeriya ba su da lokaci ɗaya, kowace da nata, sai ka riƙa leƙa shafin makarantar gaba da digiri ta wadda kake so.